Harajin Lemon Kwalba: Jifan Gafiyar Ɓaidu

Ran nan da azahar, bayan mun fito daga lacca, na tsaya a kantin da ke bakin ɗakunan kwananmu don in sayi sabulu. Rana ta take, zafi ya kai intaha, ɗalibai kuwa sun yi dafifi a gaban firji, kowa na miƙa kuɗi yana cewa a ba shi mai sanyi. Da na ga abin ya yi yawa sai na tambayi waɗanda ke kusa da ni, su bakwai, ko sun san akwai harajin da Gwamnatin Tarayya ta ɗora a kan wannan abu da suke sha. Biyar suka ce ba su taɓa ji ba. Ɗaya ya ce ya ji a rediyo amma ya manta. Na bakwai ɗin, wanda ke karatun tattalin arziki, ya ce ya sani sarai, har tambaya ta taɓa fito musu a kai a jarrabawa, sa'an nan ya kafa kai ya shanye kwalbarsa, ya nemi ta biyu. Shi kuwa mai kantin da na juya gare shi cewa ya yi, "Samari, in ma akwai wani haraji, ni dai bai taɓa hana ni ciniki ba."

Wannan magana ta mai kanti ita ta sa na ɗauki alƙalami. An gaya mana cewa an kafa harajin nan ne domin a rage shan zaƙi, a kare lafiyar jama'a. To harajin da mai saye bai san da shi ba, mai sayarwa bai ji shi a jikinsa ba, kamfani kuma bai sake kome ba saboda shi, lafiyar wa yake karewa? Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, haraji a kan abin sha mai sukari yana canja yadda mutane ke saye da yadda suke sha, an gwada a ƙasashe an gani. Amma irin wanda aka yi mana a Nijeriya jifan gafiyar Ɓaidu ne. Ko dai a yi shi da gaske, ko kuwa a daina fakewa da sunan lafiyarmu ana karɓar kuɗi, don Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ke cikin kwalba

Bari mu fara da abin da muke sha. Yawancin lemon kwalba da muka saba da shi yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 ko 11 a cikin kowane mililita 100. Wanda ke shakka ya juya kwalbarsa ya karanta. Watau kwalbar roba mai rabin lita tana da giram 50 da ɗoriya. Cokalin shayi guda yana ɗaukar kamar giram 4, ke nan wanda ya shanye kwalba ɗaya ya haɗiye wajen cokali 13 na sukari a cikin minti biyar. Da mai shayi ne ya tsaya a gabanka yana zuba maka cokali 13 a kofi guda, lalle da ka riƙe hannunsa ka tambaye shi ko da wata a ƙasa tsakaninku. Amma da yake an narkar da sukarin, an sa masa iska da launi, an sanyaya, sai mu biya har mu yi godiya.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, watau kamar giram 50 ga baligi, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Ashe kwalba ɗaya ta cinye rabon yini ɗungum, tun ba a zo ga shayin safe da kokon da aka zuba wa sukari ba. Babbar illar sukarin da ke cikin ruwa ita ce ba ya ƙosarwa. Mai shan rake zai gaji da tauna, mai cin alewa zai gundure, amma mai shan lemo zai shanye kwalbarsa ya kuma zauna ya ci tuwonsa cif, kamar bai sa kome a ciki ba. In aka ɗauki shekaru a haka, abin da ke biyo baya sananne ne ga likitoci: ƙiba, da ruɓewar haƙora, da ciwon sukari. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke ɗauke da wannan ciwo a Nijeriya, kuma da yawa daga cikinsu ba su san suna da shi ba sai ya kwantar da su.

Ni ba a littafi na fara sanin ciwon nan ba. Kawuna direban babbar mota ne, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana bin hanyar Kano zuwa Ikko. Abincinsa a hanya burodi ne da lemo, safe da rana da dare, don shi ne abin da ake miƙo wa direba ta taga ba sai ya sauka ba. Ba na ce lemo kaɗai ya kama shi ba, akwai gado, akwai zaman wuri ɗaya, amma likitan da ya duba shi abin da ya fara hana shi ke nan. Wata ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa, miki ya ƙi warkewa, aka yi ta jeka-ka-dawo, daga bisani aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na yi jinyarsa a hutun ƙarshen shekarata ta farko a jami'a. Na ga yadda ake rubuto takarda a ce a je a sayo allurar insulin, a sayo auduga, a sayo safar hannu, har da ruwan wanke miki. An sayar da filinsa, an sayar da awakin matarsa, babban ɗansa ya bar makaranta ya koma tura baro a kasuwa. A duk tsawon jinyar nan, ko kwabo ɗaya na wani harajin lafiya bai iso gadon Kawu ba. Saboda haka in na yi zafi a cikin rubutun nan, mai karatu ya yi mini uzuri.

Naira goma

Ga yadda dokar take. A ranar 31 ga Disamba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Kuɗi ta 2021, wadda ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha marar sa maye, mai iska ko mai zaƙi. Ministar Kuɗi ta lokacin, Zainab Shamsuna Ahmed, ta bayyana cewa manufar ita ce a rage shan sukari fiye da kima, a kuma samu kuɗin kula da lafiya da sauran muhimman ayyuka. Aka fara karɓa a cikin 2022, Hukumar Kwastan ce ke karɓa daga masana'antu.

To, jama'a, mu yi lissafin 'yan firamare. Naira 10 a lita, watau naira 5 ke nan a kwalba mai rabin lita, naira 3 da kwabo 50 a ƙaramar kwalbar gilashi mai mililita 350. A 2021 muna sayen mai rabin litar nan naira 150 a unguwarmu, harajin bai wuce kashi 3 da ɗan wani abu cikin 100 na farashinta ba. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2016, cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga raguwar sha ta a zo a gani. Tun ran gini aka yi zane: an haifi harajin nan a raunane.

Sa'an nan sai ga abin da ya biyo baya. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, wata guda bai cika ba aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kaya suka tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Kwalbar da muke saye naira 150 ta koma 400, wani wurin 500. Harajin fa? Daga 2022 har zuwa 2025 yana nan a naira 10 ɗinsa, ko motsi bai yi ba. Naira 5 a cikin 500 kashi 1 ne tak cikin 100. Yaushe rabonka, ya mai karatu, da ka ga takardar naira 5 a hannun wani? Ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka sau biyu. Da wannan ne ake so a firgita saurayin da ya fito daga filin ƙwallo yana zufa ya fasa sayen mai sanyi?

Wani zai ce, to ai farashin ya ninka sau uku, in tsada ce ke hana sha, ai an samu. Amsar ita ce, tsadar ta yi aiki daidai gwargwado: mun ga mutane sun koma ƙananan kwalabe, sun koma masu araha, mun ga an rage kiret a wajen suna. Wannan ma shaida ce cewa farashi na juya hali. Amma hauhawar farashi ba ta zaɓe. Yadda lemo ya tashi haka ruwan leda ya tashi, haka madara, haka lemon zaƙi na itace, haka ayaba. Aikin haraji irin wannan shi ne ya buɗe tazara tsakanin abin da ke cutarwa da abin da ba ya cutarwa, har mai naira ɗari biyar a hannu ya tsaya ya yi tunani a gaban firji. In kome ya tashi tare, ba a buɗe tazarar kome ba, an dai ƙara talauta mutane ne.

Akwai kuma aibi na biyu wanda ya fi na farko muni. Harajinmu ruwa yake aunawa, ba ya auna sukari. Kwalbar da ke da cokali 13 da wadda ke da cokali 5 kuɗi ɗaya suke biya. To don me kamfani zai wahalar da kansa ya rage sukari, alhali ko ya rage ko bai rage ba naira goman nan ce dai? Aibi na uku shi ne, dokar ba ta keɓe kuɗin ga asibiti ko ruwan sha ba. Asusun gwamnati suke faɗawa kamar kowane kuɗin shiga, su narke a can kamar gishiri a miya.

Gani ga wane

Don kada a ce ƙorafi kawai na iya, bari mu leƙa ƙasashen da suka yi abin da gaske, mu ga me ya faru da masu saye.

Meksiko ƙasa ce mai talakawa da yawa kamar tamu, kuma tana cikin ƙasashen da suka fi kowa shan lemon kwalba a duniya. A watan Janairu na 2014 ta ɗora feso ɗaya a kan kowace lita, abin da ya ɗaga farashi da kimanin kashi 10 cikin 100. Masu bincike suka bi sayayyar dubban gidaje, suka tarar cewa a wannan shekara sayen abin sha mai haraji ya ragu da kashi 6 cikin 100 a kan abin da aka zata, raguwar kuma ta yi ta ƙaruwa wata bayan wata har ta kai kashi 12 a Disamba. A gidajen marasa ƙarfi ta kai kashi 17 a ƙarshen shekarar. Sayen abin sha marar haraji kuwa, musamman ruwan kwalba, ya ƙaru da kashi 4. Lura da abubuwa biyu a nan. Na farko, hali ba ya canjawa a dare ɗaya, a hankali harshe ke sabawa. Na biyu, mutane ba ƙishirwa suka zauna da ita ba, ruwa suka koma. Har ila yau dokarsu ta tanadi a riƙa ɗaga harajin gwargwadon hauhawar farashi, don kada ya zama abin dariya irin namu.

Ingila ta bi wata hanya dabam, wadda a ganina ta fi dabara. A watan Maris na 2016 ta yi shela cewa nan da shekara biyu za ta fara karɓar haraji daga kamfanoni bisa yawan sukarin da ke cikin abin shansu. Wanda bai kai giram 5 a mililita 100 ba, ba ya biyan kome. Lokacin da aka fara a 2018, daga giram 5 zuwa 8, kwabon Ingila 18 ne a lita. Daga giram 8 zuwa sama, kwabo 24 a wancan lokacin. Kafin ranar farawa ta zo a Afrilun 2018, kamfanoni da yawa sun riga sun koma ɗakunan haɗe-haɗensu sun rage sukari don su tsere wa harajin. Baitulmalin ƙasar ya yi tsammanin fam miliyan 520 a shekara, sai ya koma tsammanin miliyan 240, kuma ba wanda ya kira wannan hasara, don abin da ake nema ke nan. Tsakanin 2015 da 2019 sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da kusan kashi 44 cikin 100, alhali yawan abin shan da aka sayar ƙaruwa ya yi. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa yawan yaran da ake kwantarwa a asibiti don cire ruɓaɓɓun haƙora ya ragu da kashi 12 cikin 100 bayan kafa harajin. Ban ce sinadarin zaƙin da wasu kamfanoni suka maye gurbin sukari da shi alheri ne tsantsa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi kashedi a 2023 kada a dogara da shi don rage ƙiba. Amma darasin a fili yake: in aka auna sukari, hannun mai zubawa ne ke fara rawa tun kafin aljihun mai sha ya ji.

Kada kuma a ce wannan sai Turawa. Afirka ta Kudu ta fara nata a Afrilun 2018, ita ma sukari take aunawa: giram 4 na farko a mililita 100 kyauta ne, kowane giram da ya hau kansa ana biya masa. Bincike ya nuna cewa sukarin da gidaje ke saye ta hanyar abin sha ya ragu ƙwarai, musamman a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Saudiyya ta ɗora kashi 50 cikin 100 a kan lemo mai iska a 2017. Gana ta ɗora kashi 20 cikin 100 a 2023. Mu kuwa da ake kira giwar Afirka muka tsaya a naira biyar a kwalba.

Masu cewa a'a

Na san hujjojin da za a kawo mini, don na sha jin su a ɗakin cin abinci da dandalin muhawara, kuma wasunsu ba na banza ba ne.

Hujja ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce talaka zai fi jin jiki. Gaskiya ne. Naira ɗari a wurin mai tura baro ba ɗaya take da naira ɗari a wurin babban sakatare ba. Mu 'yan Arewa kuwa muna da dalilin ƙin jin kalmar haraji. Kakanninmu sun ga yadda ake ɗaure magidanci a rana saboda kuɗin kansa, ake kwashe wa Bafillatani shanu da sunan jangali, shi ya sa har yau ake tunawa da 1979, shekarar da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Amma a dubi bambancin. Harajin kai ba shi da mafita, muddin kana numfashi sai ka biya. Wannan kuwa ƙofarsa a buɗe take, duk wanda ya sha ruwa ya fita. Harajin da ake karɓa yana cin nasara ne in kuɗi sun taru, wannan kuwa nasararsa ita ce kuɗin su yi ta raguwa. Sa'an nan a tambaya, wa ciwon sukari ya fi kassarawa? A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa suke fitowa. Mai hali zai hau jirgi ya tafi Masar ko Indiya. Ƙaramin ma'aikaci mai albashin naira 70,000, wanda aka tsayar a 2024, ina zai kai kansa in aka ce masa allura kullum har ƙarshen rai? Talaka na biyan harajin sukari tun tuni, sai dai da ƙafarsa da idonsa da filin gadonsa yake biya. Wanda ke tausayinsa da gaske ya yi yaƙi a mayar masa da kuɗin ta hanyar magani da ruwa.

Hujja ta biyu ita ce ta ƙungiyar masu masana'antu ta Nijeriya, wadda tun da aka kawo maganar naira goma take kukan cewa za a rufe masana'antu, ma'aikata su rasa aiki. Irin wannan kuka an yi shi a Meksiko, masu bincike suka duba bayan shekaru ba su ga raguwar ma'aikata a masana'antun abin sha da za a jingina wa harajin ba. Dalili a bayyane yake. Kuɗin da mutum bai sayi lemo da su ba, ba ƙona su yake yi ba, wani abin yake saye, kuma kamfanonin da ke yin lemo galibi su ne dai ke sayar da ruwan kwalba. Bugu da ƙari, fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen sukarin da ake tacewa a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi, akasari daga Burazil. Watau muna kwasar kuɗin musaya da ba mu da su, mu sayo sukari daga ƙetare, mu narkar mu sha, sa'an nan mu sake kwasar wasu mu sayo insulin daga ƙetare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi ba ni tunani. An ce, in lemo ya yi tsada ai zoɓo za a koma, da kunun aya, da shayi, su kuwa sukarin da ake zuba musu ba ya da awo, kuma ba ma'aikacin kwastan da zai bi mata gida gida yana leƙa tukunya. Wannan gaskiya ce, kuma ban yarda a bi su ba ma. Amma akwai bambanci. Mai zoɓo maƙwabciyarka ce, kana iya ce mata, "Iya, a rage mini sukari," ta rage. Mai shayi a gabanka yake zubawa, kana iya ɗaga hannu a cokali na biyu. Kwalba kuwa a rufe take zuwa, ba ka da ta cewa. Kuma mai zoɓo ba ta da allon talla a kowace mararraba, ba ta ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da bikin mawaƙa don ta cusa wa yaro ɗan shekara biyar cewa farin ciki a cikin kwalba yake. Haraji ba zai warkar da kome da kome ba, sai an haɗa da wayar da kai. Amma don rufin ɗaki na yoyo a wuri biyu ba a ƙin toshe babbar kafar.

Hujja ta huɗu ita ce 'yanci: ina ruwan gwamnati da abin da na sha da kuɗina? Ba wanda ya hana ka sha, ɗan'uwa. Amma ran da ciwo ya kwantar da kai, ba kai kaɗai za ka kwanta ba. Mahaifiyarka ce za ta kwana a tabarma a barandar asibiti, ƙanenka ne zai bar makaranta.

Abin da muke nema

Saboda haka, ga abin da ya kamata ɗalibai da matasan ma'aikata su tsaya a kai. Na ɗaya, a auna sukari a daina auna ruwa, wanda ya zuba da yawa ya biya da yawa, wanda ya rage a sassauta masa, a kuma ba kamfanoni wa'adi bayyananne su gyara haɗinsu kamar yadda aka yi a Ingila. Na biyu, harajin abin sha mafi zaƙi ya kai aƙalla kashi 20 cikin 100 na farashi, kuma a ɗaure shi da hauhawar farashi don kada shekara uku ta cinye shi. Na uku, a rubuta a cikin doka cewa kuɗin na gwajin ciwon sukari da hawan jini ne kyauta a ƙananan asibitoci, da sauƙaƙa insulin, da ruwan sha a makarantu, a kuma riƙa buga abin da aka tara da inda aka kashe shi kowace shekara. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, Nijeriya mai masaukin baƙi kuwa shekara da shekaru tana yawo a wajen kashi 5. Gwamnatin da ke da irin wannan tarihi ba ta da bakin cewa mu amince mata kawai. In ba za a yi na ukun nan ba, ni ma ina cikin masu cewa a bar wa talaka naira biyar ɗinsa.

Ku kuma 'yan'uwanmu da suka riga mu fita, waɗanda ke zaune a ofisoshin kuɗi da lafiya da kwastan, ku ne ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. In fayil ɗin nan ya zo teburinku, ku sa lissafin a shafin farko: naira 5 a cikin 500.

Daga ƙarshe, mu dawo gida. Ba daidai ba ne mu nuna gwamnati da yatsa ɗaya mu manta da sauran da ke nuna mu. A gidajen kakanninmu in baƙo ya sauka, ruwan randa ake fara kawo masa, sa'an nan fura. Yau in ka kawo wa baƙo ruwa sai ka bi shi da ban haƙuri, kamar ka yi abin kunya. Darajar biki ta koma yawan kiret. A nan cikin jami'a, wane taro ƙungiyarmu ta taɓa yi ba a jibge lemo a bayan zaure ba? Wane ɗan takarar shugabancin ɗalibai ne bai zagaya ɗakuna da shi a daren zaɓe ba? Kuma me ya sa waɗancan ɗalibai bakwai suka yi dafifi a gaban firji? Domin famfon da ke gaban ɗakin karatu ya fi shekara bai ɗiga ba, kuma ba mu taɓa ɗaga kwali a kansa ba. Ba a ce wa mai ƙishirwa ya bar lemo sai an nuna masa ruwa.

Ina kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai, a zamanta na gaba, ta sa maganar ruwan sha mai tsabta a kowane zauren lacca da kowane ɗakin kwana a cikin buƙatun da za ta kai wa hukuma, ta kuma fara da kanta, ta daina sayen lemo da kuɗin da muke biya na ƙungiya. 'Yan'uwanmu masu karatun likita su kafa tebur sau ɗaya a zango su auna mana sukari, mu kuma mu kai iyayenmu. Kai kuma mai karatu, gobe in ka miƙa hannu cikin firji, juya kwalbar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta, ka raba da huɗu, ka ƙidaya cokulan. Kawuna bai iya karatun boko ba, ba wanda ya taɓa karanta masa. Kai ka iya.